Zuwa Hutu Gida da Ƙananan Yara: Shirin da Ya Kamata a Yi Kafin a Kama Hanya

Da zarar an ba da dogon hutun makaranta a ƙarshen watan Yuli, ko kuwa Sallah ta matso, sai ka tarar tashoshin mota na Kano da Kaduna da Zariya da Abuja sun cika da iyalai masu haramar tafiya gida. Wannan darasi naku ne, ku iyayen da neman abinci ya zaunar a birni ko a ƙasar waje, alhali tushenku yana Mabai ko wani gari a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kai yara su ga kakanninsu, su san danginsu, su ci ɗanyar masara a gona, abu ne mai kyau, kuma sada zumunci ne. Ba mu ce a daina ba.

Abin da muke so ka lura da shi, ya kai mai karatu, shi ne dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daidai lokacin da sauro ya fi yawa, ruwan sha ya fi gurɓata, hanyoyin ƙauye suka fi lalacewa. Yaron da ya kwanta ciwo da tsakar dare a gari mai nisa da babban asibiti, yawanci abin da iyayensa suka tanada tun kafin su baro gida shi ne zai cece shi. Saboda haka shirin tafiya ba ranar jajibiri ake fara shi ba. A ba shi kamar wata guda.

Fara da katin riga-kafi

Uwargida, ɗauko katin allurar kowane yaro ki duba. A tsarin Nijeriya ana yi wa jariri allura ranar haihuwa, sannan a mako 6, da mako 10, da mako 14. Idan ya kai wata 9 a yi masa ta ƙyanda da ta zazzaɓin shawara da ta sanƙarau, sai kuma ta ƙyanda karo na biyu a wata 15. Wannan ta wata 15 ita ce iyaye suka fi mantawa, don a lokacin yaro ya fara tafiya, uwa ta ɗauka an gama. Idan akwai wadda ta wuce, ba a komawa farko. Daga inda aka tsaya ake ci gaba, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Dalilin da ya sa muka ce a yi da wuri shi ne allura ba ta fara aiki nan take. Jiki yana bukatar kamar mako biyu kafin ya haɗa garkuwa. Ta zazzaɓin shawara tana bukatar kwana 10, amma sau ɗaya ake yin ta, ta wadatar har tsawon rayuwa.

Kada a ɗauka waɗannan cututtuka labarin da ne. A shekarar 2019 zazzaɓin shawara ya ɓulla a Jihar Katsina har sai da aka yi gangamin allura a faɗin jihar. Cutar mashaƙo, wadda ke toshe maƙogwaron yaro, ta ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, ta bazu zuwa jihohin maƙwabta har da Katsina, kuma mafi yawan yaran da ta kama ba su kammala allurarsu ba. Shan inna ma, ko da yake a watan Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, wani nau'inta ya ci gaba da ɓulla a wuraren da ba a yi wa yara riga-kafi sosai. Idan masu ɗigon baki suka shigo gidan kakanni kuna can, ku miƙa yaranku su ma. Ƙari ba ya cutarwa.

Zazzaɓin cizon sauro

A nan za mu daɗe, don shi ne ya fi kwantar mana da yara bayan hutu. Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, kuma yawancin waɗanda take kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2021 ya nuna yaran karkara sun ninka na birni fiye da sau biyu wajen ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu.

Sau da yawa maigida zai ce, "Ai a nan muka tashi, sauro bai kashe mu ba." Gaskiya ne, amma ga abin da ya faru. Wanda ya tashi a inda sauro ke cizonsa kowace damina, jikinsa yakan haɗa wata 'yar garkuwa a hankali, bayan ya sha kwanciya sau da dama yana ƙarami. Wannan garkuwa ba a gadon ta, kuma takan dushe idan mutum ya daɗe ba ya nan. Ɗanka da aka haifa a gida mai raga a taga, ko a Ingila ko Saudiyya, ba shi da ita. A jikinsa zazzaɓin da ya fara da safe yana iya zama mai tsanani kafin gari ya sake wayewa.

Saboda haka ka tafi da gidan sauro mai magani naka na kanka, da igiya da ƙusoshin ɗaurawa. Kada ka dogara da na gidan da za ka sauka, domin lokacin hutu baƙi sun yi yawa, kuma wanda ke can mai yiwuwa ya yage ko an kai shi lambu. Idan sabo ne, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana a ciki. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Sauron da ke kawo wannan cuta da daddare yake cizo, daga magariba zuwa asuba, wato har da lokacin da ake zaune a tsakar gida ana hira yara suna barci a kan tabarma. A nan ake yin asarar. A sa musu riga mai dogon hannu da wando da safa tun da yamma, wanda barci ya ɗauka kuma a kai shi cikin gidan sauro. Man shafawa mai korar sauro ana iya amfani da shi ga yaron da ya wuce wata 2, amma ban da tafin hannu da kusa da ido da baki.

Akwai kuma maganin riga-kafi da ake rabawa gida-gida da damina, wata-wata, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari a 2012, Katsina kuma tana cikin jihohin da aka fara shi a Nijeriya. Na kwana uku ne: ma'aikaci ya ba da na ranar farko a gabansa, uwa ta ba da na rana ta biyu da ta uku. Wanda ya sha na ranar farko kawai bai sami cikakkiyar kariya ba. Idan an zo rabo kuna can, ku gaya wa ma'aikacin ko yaro yana da zazzaɓi a ranar, ko yana shan Septrin, ko ya taɓa samun ƙuraje da kumburi bayan shan irinsa, domin waɗannan ba a ba su. Allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro kuwa an fara yin ta a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024. Ko yaro ya same ta, ba ta ɗauke masa kwana cikin gidan sauro ba. Masu zuwa daga ƙasashen waje su ga likitansu makonni kafin tafiya, don akwai maganin matafiya da ake farawa kafin a taso, a ci gaba da shi har bayan an koma.

To, idan jikin yaro ya yi zafi fa? A gwada jini a ranar, kada a wuce awa 24. Gwajin nan na ɗan tsinke da ake sokawa a yatsa ba ya wuce minti 20, kuma ana yin sa a ƙananan asibitocin gari. Idan ya nuna akwai cutar, maganin shi ne haɗin nan da ake kira ACT, irin su Coartem: sha shida cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, gwargwadon nauyin yaro, tare da nono ko madara ko abinci mai ɗan maiƙo. A gama shi duka ko da yaro ya miƙe yana wasa a rana ta biyu. Kulorokwin da iyayenmu suka sani, tun 2005 gwamnati ta sauya shi, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa. Parasitamol yana saukar da zafi ne kawai, ba ya kashe cutar. Ana ba da shi bayan kowace awa 6, kada ya wuce sau huɗu a yini. Ba a ba yaro asfirin.

Amma akwai alamun da idan ka gan su ba maganar kemis ba ce, kuma ba maganar jiran safiya ba ce matuƙar akwai halin fita: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da aka ba shi, yana jijjiga, barcinsa ya yi nauyi ba ya farkawa, numfashinsa ya yi sauri, tafin hannunsa ya yi fari fat, ko fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Haka nan duk jaririn da bai kai wata 3 ba idan jikinsa ya yi zafi. Wannan sai babban asibiti, inda ake allura ta jijiya da ƙarin jini. Idan yaro na jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa tufafi. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada a kanga ƙafarsa a wuta ko a turara shi da hayaƙi. Addu'a kuwa a yi ta a kan hanyar asibiti.

Ruwan sha da gudawa

Da damina ruwan sama kan wanke ƙazanta ya zuba a rijiyoyin da ba su da murfi. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Katsina na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Mutanen gida za su ce ruwan rijiyarsu garau yake. Ƙwayar cuta ba a ganin ta da ido. A tafasa ruwan da yara za su sha har ya yi ɓul-ɓul na minti ɗaya, a zuba a mazubi mai murfi, a ware masa moɗa. Wannan ba raina gida ba ne, kuma idan aka tafasa da yawa yaran gidan ma sun amfana.

Fura da nono, nonon ya zama an dafa shi kafin a kwantar, ruwan damun kuma tafasasshe. Ƙanƙarar da ake sakawa a zoɓo da kunun aya a kasuwa ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba. A wanke hannu da sabulu kafin ci, da bayan an wanke wa yaro kashi. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata, duk zafin gari. Mun san kaka za ta ce ƙishirwa za ta kashe mata miji ko kishiya; a yi mata bayani cikin ladabi cewa mafi yawan nonon uwa ruwa ne.

A sa fakitin O.R.S. kamar goma a jaka, da ƙwayar zink. A karanta abin da aka rubuta a jikin fakitin. Mafi yawa ana dama guda ne a ruwa lita ɗaya, wato daidai ruwan leda biyu. Idan babu, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, shafaffe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Gishirin kada ya wuce haka, yawansa haɗari ne. Bayan kowace gudawa, ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi, wanda ya fi haka rabin kofi zuwa kofi guda, cokali-cokali. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya yini a zubar a dama sabo. Zink kuwa ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabi ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Kada a daina ba da nono ko abinci. Idan akwai jini a kashin, ko idanu sun faɗa, ko maɗiga ta loɓa, ko gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, a tafi asibiti ana ba shi ruwan a hanya.

Duk waɗannan magunguna a saye su a kantin magani mai rajista kafin a taso, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A haɗa da ma'aunin zafin jiki. Na tallar kasuwa da rana ta gasa a kan faifai, a bar shi inda yake.

Hanya

Ba za mu yi kamar ba mu san halin da yankin ya shiga ba. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin da suka sha fama da 'yan bindiga. A watan Disambar 2020 ne aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kafin a sako su bayan kwanaki. Al'amarin yakan lafa, yakan kuma tashi. Don haka labarin hanya na ranar tafiya shi ne labari. Ko ta Gwarzo da Dayi da Malumfashi za ka bi daga Kano, ko ta Funtuwa daga Zariya, ko daga Funtuwa ka nufi Ɗandume da Sabuwa, kira 'yan uwa da direbobin tasha da safiyar ranar. A yi sammako a isa da rana tsaka. Idan mutanen gida da kansu suka ce kada a zo, a ji maganarsu. Ana iya ɗauko kakanni su zo birni, ko a haɗu a gidan wani ɗan uwa a Funtuwa ko Malumfashi. Zumunci bai yanke ba.

Wannan ya shafi lafiya kai tsaye, domin inda ba a fita da dare, mai zazzaɓin yamma ba ya jira ya ga abin da dare zai yi. A kai shi tun da sauran rana. Ranar da ka isa, ka san inda ƙaramin asibitin garin yake da lokacin da ma'aikaci ke nan, da wanda ke da mota ko babur da zai kai ku babban asibitin Ƙanƙara ko na Malumfashi ko na Funtuwa. A ajiye kuɗi a hannu domin wannan kaɗai. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan waya na tsawon watanni a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, saboda haka kada duk shirinka ya rataya a kan waya da tura kuɗi. A rubuta nauyin kowane yaro da magungunan da yake sha a takarda.

A cikin mota yara su zauna a baya, ba a kan cinya a gaba ba. Kada a ba su maganin mura don su yi barci, kada kuma a bar yaro a rufaffiyar mota ko na minti biyar.

Abubuwan da ɗan birni bai sani ba

Yaran gari za su ja naka zuwa kududdufi ko rafi. Ban da haɗarin nutsewa, a irin wannan kwantaccen ruwa ake ɗaukar tsargiya: tsutsarta tana fitowa daga jikin ƙananan dodon-koɗi, ta huda fata ta shiga, sai bayan wata biyu ko uku a ga jini a ƙarshen fitsari. Tun shekarun 1970 masu binciken da suka yi aiki a yankin Malumfashi suka rubuta yawan tsargiya da saran maciji a wannan shiyya. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce. Cuta ce, tana da magani, idan aka ƙyale ta kuma tana lalata mafitsara.

Zuwa gona sai da takalmi rufaffe, fita da dare sai da tocila. Idan maciji ya sari yaro, musamman kububuwa, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotse. A hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Cizon kare kuwa a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa minti 15, sannan a je a yi allura ko da ciwon ƙarami ne.

Wannan yanki na manoma ne, da damina kusan kowane gida akwai maganin feshi da taki, ga fiya-fiya da kananzir da ake zubawa a robar lemo. Ɗan shekara 2 duk abin da ya gani a robar lemo lemo ne. Ranar da kuka sauka a ɗaga su sama. In har ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, don suna iya sarƙe shi su shiga huhu. A tafi da shi tare da robar.

Sai maganar wanzami. Wani lokaci dangi kan ce tunda an zo gida bari a cire wa jariri beli ko a yi masa tsaga, wai shi ya sa yake amai. Beli halitta ce, ba cuta ba. Cire shi yana jawo zubar jini, aska ɗaya kuma tana iya ɗaukar ciwon hanta daga wani yaro zuwa wani. Maigida, wannan magana kai ya kamata ka yi ta da iyayenka tun kafin ku iso. Kada ka bar matarka ita kaɗai gaban surukai.

Idan kana da mai sikila, ku zo asibiti a duba shi kafin tafiya, a karɓi maganin da zai kai har dawowa da 'yan kwanaki. Ya riƙa shan ruwa sosai a hanya, kada ruwan sama ya dake shi, kuma zafin jikinsa in ya kai 38 a ma'auni, asibiti kai tsaye.

Bayan an dawo

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu a jiki kafin ta bayyana, wani lokaci ma fiye. Ke nan yaron da sauro ya ciza a daren ƙarshe a Mabai, a Kano ko Abuja ko Landan zai kwanta, ana shirin komawa makaranta. Duk zazzaɓin da ya zo cikin watanni bayan tafiya a gwada jini a ranar, kada a ce gajiyar hanya ce ko canjin ruwa. Ka gaya wa likita garin da kuka je, da ranar da kuka dawo, da ko yaron ya shiga ruwa, da duk maganin da aka ba shi a can, na asibiti da na gargajiya. Mazauna ƙasashen waje su nanata wa likitan cewa daga Nijeriya suka dawo, domin wanda bai saba ganin cutar ba yana iya ɗauka mura ce ya sallame su.